Iska da Rana a Kwarin Rima: Nazarin Dacewar Haɗa Su Wajen Samar da Lantarki a Shinaka da Kewayenta

Tsakure

An daɗe ana rubuta cewa haɗa injin iska da faifan sola shi ne maganin rashin lantarki a karkarar ƙasashe masu tasowa, bisa hujjar cewa in rana ta faɗi iska za ta karɓi aiki. Wannan maƙala ta auna wannan hujja da yanayin Shinaka ta ƙaramar hukumar Goronyo da maƙwabtanta na Wurno da Rabah, a gabashin jihar Sakkwato. An yi amfani da alƙaluman iska da aka riga aka wallafa, da abin da masana yanayi suka gano game da iskar dare a yankin Sahel, da lissafin abin da injin iska mai kilowat 5 zai iya bayarwa. An gano cewa a tsayin da ake kafa ƙananan injina, iska tana ƙarfi ne da hantsi, lokacin da rana ma take bayarwa, sannan ta kwanta bayan magariba, lokacin da aka fi bukatar wuta. Saboda haka ƙaramin injin iska ba ya rage girman batir. Iskar dare da ake kwaɗayi tana can sama da mita 100, inda sai manyan injina suke kai mata.

1.0 Gabatarwa

Jihar Sakkwato a ƙarshen layi take. Wutar da ta taso daga Kainji sai ta biyo ta Birnin Kebbi kafin ta iso birnin Shehu, daga nan kuma a rarraba abin da ya rage zuwa Achida da Wurno da Goronyo da Rabah. Garin da layi ya kai da wanda bai kai ba duk sun saba da dogaro da janareta, manomin fadama kuma da injin ban-ruwa mai shan fetur. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, wannan dogaro ya zama nauyin da mai albasa da mai tafarnuwa da mai shinkafa suke ji a kowane ban-ruwa. A shekarar ce kuma aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, sannan a watan Disamba Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na samar da wuta ta hanyoyin da ba sa jingina da babban layin ƙasa.

Ke nan kuɗi na tafe, ikon yanke shawara kuma ya matso gida. Abin da za a saya da kuɗin shi ne damuwar wannan maƙala. Tambayar guda ce: in za a kafa wa gari irin Shinaka ƙaramar tashar wuta tata ta kanta, shin ƙara injin iska a kan sola yana rage tsadar batir kamar yadda ake faɗa, ko kuwa ƙarin kaya ne kawai?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Babu jayayya a kan cewa iska ta yi wa wasu ƙasashe masu tasowa rana. Kenya tana da tashar tafkin Turkana mai megawat 310, Senegal tana da ta Taiba Ndiaye mai megawat 158.7, Indiya kuma ta fitar da manufa ta musamman a kan haɗa iska da sola a 2018. Duk waɗannan manyan injina ne masu zuba wuta a babban layi. Ba su ne abin muhawara a nan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne alƙaluman iskar Sakkwato kanta. Adekoya da Adewale (1992) sun duba tashoshin auna yanayi 30 na Nijeriya, suka samu matsakaicin gudun iska na shekara yana tsakanin mita 1.5 da mita 4.1 a sakan. Babu tashar da ta haura haka a duk faɗin ƙasar. Bayan kusan shekara ashirin, Ohunakin da Adaramola da Oyewola (2011) suka ɗauki bayanan tashoshi bakwai na Arewa maso Yamma daga 1971 zuwa 2007, waɗanda aka auna a tsayin mita 10, suka ba Sakkwato mita 7.61 a sakan, Katsina 7.45, Kano 7.77. Wannan ba ɗan bambancin da za a ɗauke kai a kansa ba ne. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Yana bin gudun ne in an ninka shi da kansa sau uku. Iskar da ta ninka gudu sau biyu, ƙarfinta ya ninka sau takwas. Don haka wanda ya ɗauki 4 da wanda ya ɗauki 7.61 ba Sakkwato ɗaya suke magana a kai ba: na biyun yana lissafi da ƙarfin da ya kusa ninka na farkon sau bakwai.

Akwai abin lura a nan. Tashoshin yanayi na filayen jiragen sama sun saba rubuta gudun iska da ma'aunin matuƙa jirgi da ake kira not, wanda ɗaya daga cikinsa mita 0.514 ne a sakan. In aka ɗauki 7.61 a matsayin not aka mayar da shi mita, sai a samu 3.9, wato daidai cikin iyakar da Adekoya da Adewale suka bayar. Wannan dacewa ba ta isa hukunci a kan aikin kowa ba, amma ta isa dalilin da zai sa a koma ga ainihin littattafan tashar a tantance ma'aunin da aka rubuta da shi, kafin a ɗora jarin miliyoyi a kan lambar. Wanda ya zauna Sakkwato ya san cewa wurin da matsakaicin iskarsa ya haura mita bakwai a sakan, dare da rana, rani da damina, wuri ne da tufafi ba sa zama a kan igiyar shanya. Sakkwato ba haka take ba.

Rukuni na biyu da wannan maƙala take jayayya da shi su ne nazarce-nazarcen da suka dogara kacokan ga manhajar HOMER, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka. Manhajar tana da amfani, amma abin da aka zuba mata shi take dafawa. Yawanci ana ba ta matsakaicin iskar kowane wata ne, lambobi goma sha biyu kacal, ita kuma ta ƙago iskar kowace awa ta shekara daga gare su. In mai bincike bai taɓa saitinta ba, tana ɗaukar ƙarfe 3 na yamma a matsayin lokacin da iska ta fi ƙarfi. Lambobin goma sha biyun kuma sau da yawa daga rumbun NASA ake kwaso su, inda lamba ɗaya take wakiltar fili mai faɗin kilomita hamsin ko fiye, ya haɗa fadama da tudu da dabagi. Daga nan sai a fito da sakamako a ce haɗin iska da sola ya fi araha a wuri kaza. An amsa tambayar awa-awa da bayanan wata-wata.

Aikin da ya fi kusa da matsayin wannan maƙala shi ne na Sterl da abokan aikinsa (2018), waɗanda suka auna cikon iska da rana a Afirka ta Yamma awa bayan awa, suka nuna cewa akwai shi ƙwarai a yankin Sahel. Sai dai sun yi maganarsu ne a kan tsayin manyan injina. Masu kafa hujja da su don sayen ƙananan injinan ƙauye sun ɗauki rabin magana sun bar rabi.

3.0 Hanyar Bincike

Nazarin na lissafi ne. An ɗauki injin iska mai kilowat 5, mai fukafukai da faɗin zagayensu mita 6, a kan turke mai tsayin mita 20, wato irin girman wanda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta kafa a ƙauyen Sayya Gidan Gada. An ɗauki nauyin iska kilo 1.14 a kowace kubik mita, ƙasa da 1.225 da masu ƙera injina suke rubuta ƙarfin kayansu da shi, domin iskar wuri mai zafi ta fi sauƙi. An ɗauka injin yana mayar da kashi 25 cikin 100 na ƙarfin iska zuwa wuta bayan duk asara. A ɓangaren bukata, an ƙaddara unguwa mai cin yunit 120 daga magariba zuwa asuba. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Waɗannan lambobi na misali ne, kowa na iya sauya su ya sake lissafin.

4.0 Sakamakon Bincike

4.1 Abin da Shekara ke Bayarwa

Rana ba ta bukatar dogon bayani. Yankin Sakkwato yana samun kusan yunit 6 na hasken rana a kan kowace murabba'in mita a wuni. Zafi yana rage aikin faifai da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya haura 25, ƙura ma tana cin nata rabon, amma bayan an cire duka, faifan kilowat ɗaya yana bayar da kimanin yunit 1,600 a shekara.

Injin iska kuwa, in matsakaicin gudu mita 4 ne a tsayin mita 10, zai kai kusan 4.4 a kan turken mita 20, ya bayar da kimanin yunit 5,700 a shekara. Faifan sola bakwai masu wat 550 za su bayar da wannan adadin, babu abin da ke juyawa a jikinsu, babu mai hawa turke. In kuwa 7.61 ce gaskiya, abin da injin zai bayar zai ninka sau uku ko fiye. Ashe dai hukuncin ya rataya ga lambar da ba a tantance ba. Amma ko an tantance ta, jimillar shekara ba ita ce ke raba gardama ba.

4.2 Wace Awa Iska Take Zuwa?

Wannan shi ne ginshiƙin maƙalar. Duk hujjar haɗa iska da sola a tashar ƙauye ta tsaya ne a kan batir, domin shi ne mafi tsada cikin kayan, shi ne kuma mai saurin mutuwa a zafin bazara. In iska za ta kaɗa daga magariba zuwa asuba, sai a sayi ƙaramin batir, kuɗin injin ya fita daga nan. In ba za ta kaɗa a wannan lokaci ba, an biya kuɗin injin, an kuma biya na batir cikakke.

Matan karkara sun riga masana sanin amsar. Mai shiƙar gero ko shinkafa ba ta fita masussuka da asuba, ba ta kuma jiran almuru. Hantsi take jira, domin a lokacin iska take tashi ta kwashe ƙaiƙayi. A hunturu kowa ya san yadda take: gari ya waye shiru da sanyi, rana ta ɗan ɗaga sai iska ta taso da ƙarfi tana kwasar ƙura har zuwa walaha, bayan azahar ta fara sassautawa, kafin magariba hayaƙin murhu yana tsaye a kan gari ba ya motsi. Wannan hayaƙi da ke kwanciya bisa rufin gidaje da yamma shaida ce da ba ta bukatar na'ura.

Dalilin haka sananne ne a ilimin yanayi. In rana ta faɗi a busasshiyar ƙasa mai sararin sama garau, ƙasa tana yin sanyi da sauri, ta sanyaya iskar da ke kwance a kanta. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta zauna a ƙasa kamar ruwa a kwari, ta daina cuɗanya da ta sama. Ita kuma ta saman, da yake ta rabu da itatuwa da gine-gine da tuddan da suke riƙe ta da rana, sai ta ƙara gudu, ta zama wani gulbin iska mai gudana 'yan ɗaruruwan mitoci bisa kawunan mutane, wanda yake cika kafin fitowar alfijir. Mutum yana ƙasa ganye ba ya motsi, alhali a samansa iska na gudu. In rana ta fito ta ɗumama ƙasa, sai iskar ƙasa ta fara tashi tana gauraya da ta sama, gudun gulbin ya sauko. Saukowar nan ita ce iskar hantsi. Lothon da abokan aikinta (2008) sun bayyana wannan juyi na dare da rana daga awon da aka yi a Yamai da wasu wurare lokacin babban shirin binciken damina na AMMA a 2006, kuma irin wannan saukowa ce take tayar da ƙurar kwarin Bodele a Chadi, wadda take zama hazonmu na hunturu. Yamai da Sakkwato kusan layi ɗaya suke daga gabas zuwa yamma, yanayinsu na Sahel ne duka biyu.

Ga yadda abin yake a lissafi. Da rana, lokacin da iska take cuɗanya, bambancin gudu tsakanin ƙasa da sama kaɗan ne: iskar hantsi mai mita 5.5 a tsayin mita 10 za ta kai kusan 5.9 a kan turken mita 20, injin ya bayar da abin da bai kai kilowat ɗaya ba. Da dare bambancin yana da girma. A daren da aka ƙaddara mita 2 a sakan a ƙasa, turken mita 20 zai samu kusan 2.6, alhali yawancin ƙananan injina ba sa fara bayar da wuta sai gudu ya kai mita 3. Wannan dare babu ko yunit ɗaya. A daren da ya fi kyau, mai mita 3 a ƙasa, turken mita 20 zai samu 4, na mita 55 ya samu kusan 6, na mita 117 ya samu 8. A mita 4 injinmu yana bayar da wat 260 ne kawai, wato yunit 3 a awa goma sha biyu. Unguwar da take bukatar yunit 120 ta samu kashi biyu da rabi cikin ɗari.

A ce an kafa irin injin guda goma. A daren kirki za su ɗauki rubu'in bukata, a daren shiru kuma babu komai. Batir kuwa ba a auna girmansa da daren kirki; da mafi munin dare ake auna shi, domin asibitin gari da firjin allurar rigakafi ba sa jiran iska. Unguwar tana bukatar batirin yunit 150 in babu injin iska, tana kuma bukatar yunit 150 ɗin in akwai goma. Wannan shi ne abin da lissafin wata-wata yake ɓoyewa: yana ganin yunit 5,700 a shekara, ba ya tambayar ƙarfe nawa suka zo. Mafi yawansu sun zo ne tsakanin hantsi da azahar, lokacin da faifan sola suke cika batir, har in ya cika a zubar da rarar. Yunit da ya zo lokacin da ba a bukatarsa ba shi da daraja ɗaya da wanda ya zo bayan lisha.

Shimfiɗar ƙasar ma tana ƙara wa matsalar nauyi. Garuruwan wannan yanki sun bi gulbin Rima da fadamunsa ne, domin nan ruwa da noma suke. Iska mai sanyi kuwa kwari take gangarawa da dare ta taru, don haka shirun dare ya fi tsanani daidai inda mutane suke zaune. Ga kuma inuwar darbejiya da mangwaro da ke kewaye da gidaje, abin alheri ga mutane, abin cikas ga gajeren turke.

Dole a faɗi abin da iska take da shi. A ranakun da hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar farin faifai, sola tana raguwa, kuma a irin waɗannan ranaku ne iskar arewa maso gabas take da ƙarfi. Nan akwai ciko na gaskiya. Amma ciko ne na rana da rana, ba na rana da dare ba, kuma ƙarin faifai kaɗan da wanke su a kai a kai yana toshe wannan giɓi da kuɗi ƙasa da na turke. A sauran shekara lissafin ba ya daɗa kyau. Iskar damina tana ƙarfi a farkonta. Ohunakin da abokan aikinsa ma a watan Yuni suka samu mafi girman matsakaicin wata, a Katsina. Lokacin marka, da gajimare ya fi rufe rana, ta riga ta fara ja da baya, da kaka kuma ta kwanta. Iskar da take zuwa gaban hadari a farkon damina, mai yaye kwano da karya itace, ba wuta take bayarwa ba. Ita ce abin da ake tsare injin daga gare shi.

4.3 Ban-ruwa

Babbar bukatar makamashi a Shinaka da Wurno da Goronyo ba ta dare ba ce ma. Noman rani ne, a filayen da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, take shayarwa, da fadamun da ake haƙa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Hekta ɗaya ta albasa mai shan milimita 6 a wuni tana bukatar ruwa lita 60,000. Ɗaga wannan ruwa tsayin mita 10 aikin yunit 1.6 ne, in famfo yana aiki da kashi 40 cikin 100, ya zama yunit 4, in aka ninka saboda ruwan da ke tsiyayewa a hanya kafin ya kai fangali, ya zama 8. Faifan kilowat 2 sun wadatar, ba tare da batir ko ɗaya ba. In ana son ajiya, ruwan ake ajiyewa a tanki ko tafki, ba wutar ba. A nan ne kawai ƙaramin injin iska zai iya samun gurbi, domin iskar hantsi ta hunturu tana zuwa daidai lokacin ban-ruwa, kuma tun a shekarun 1960 an kafa famfunan iska masu jan ruwa a wasu garuruwan Arewa. Sai dai a yau farashin faifan sola ya faɗi ƙasa warwas, kuma manomi yana iya kwance faifansa ya kai gida da yamma. Turke ba ya kwantuwa.

4.4 Inda Haɗin Yake da Ma'ana

Gulbin iskar dare dukiya ce, amma sai da doguwar guga. Injinan Taiba Ndiaye 46 suna kan turaku masu tsayin mita 117. Na Lambar Rimi a jihar Katsina, guda 37 masu kilowat 275 kowanne, suna kan mita 55, wato tsaka-tsaki. A ƙetaren iyaka, tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, kuma a 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy a kan shirin tashar iska ta Tarka a jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250. Irin wannan haɗi, manyan injina a kan tudu da filin sola suna zuba wuta a layi ɗaya, shi ne wanda ilimin yanayi yake goyon baya. Aikin jiha ne ko na tarayya, ba na tashar ƙauye ba.

Tarihin Lambar Rimi kuma darasi ne a kan abin da lissafi ba ya kamawa. Aikin da aka faro tun zamanin gwamnan Katsina Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shafe fiye da shekara goma bai kammalu ba, kuma cikin abubuwan da suka tsayar da shi har da sace injiniyan Faransa da ke aikin a watan Disamba na 2012. Gabashin Sakkwato ya san wannan ciwo fiye da kowa. Harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021 bai bar zukata ba. Na'urar da gyaranta yake bukatar ƙwararre ya taso daga nesa ya kwana a hanya, in ta tsaya ta tsaya ke nan. Mai gyaran sola kuwa yanzu ana samunsa a kusan kowace babbar kasuwa, kuma ƙaramar tashar sola ta Kurdula a ƙaramar hukumar Gudu ta nuna cewa tsarin yana kafuwa a karkarar jihar nan.

5.0 Iyakokin Nazarin

Za a ce nazarin bai dogara da awon da aka yi a Shinaka kanta ba, kuma gaskiya ne: yanayin dare da rana an aro shi daga awon Yamai, lambobin shekara daga tashar Sakkwato mai tazarar fiye da kilomita 50, bukatar unguwa kuma ƙaddarawa ce. Ba a kuma sa farashi da naira ba, domin canjin kuɗi yana tsufar da irin wannan lissafi cikin 'yan watanni. Amma nazarce-nazarcen da ake jayayya da su ba su fi wannan kusa da ƙasa ba, kuma nauyin kawo hujja yana kan mai cewa a sayi ƙarin na'ura, ba kan mai cewa a dakata ba.

6.0 Shawara

Duk tashar ƙauye da za a kafa a Goronyo da Wurno da Rabah a ƙarƙashin shirin DARES ko na jiha, a gina ta a kan sola da batir, a ware famfunan ban-ruwa su yi aiki da rana kai tsaye. Kada a amince da injin iska a cikin kowace kwangila sai mai kawo shi ya nuna awon awa-awa na shekara guda cif, a wurin, a tsayin da zai kafa shi.

Kiran ƙarshe ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa da gwamnatin jihar Sakkwato. A buɗe littattafan tashar Sakkwato a tantance ma'aunin da aka rubuta iskarta da shi. A fitar da tarihin aikin injin Sayya Gidan Gada, abin da ya bayar da awannin da ya bayar da shi, domin masu bincike su amfana. Sannan a kafa turakun awo guda biyu, ɗaya a fadamar Rima kusa da Shinaka, ɗaya a kan tudun da ke tsakanin Wurno da Rabah, kowanne da na'urori a mita 10 da 30 da 60 da 100, suna rubuta gudun iska kowane minti goma har tsawon wata goma sha biyu. Kuɗin turakun nan biyu bai kai na injin iska babba guda ɗaya ba.